Na'am Mai Hawa

Wanda ya fara cutata a Landan Bahaushe ne, kuma har yau ban san kamannin fuskarsa ba. A waya muka yi komai tun ina Kano. Ya turo mini hoton ɗaki mai labule shuɗi da tukunyar fure a taga, ya ce in yi sauri in kama kafin wani ɗan Indiya ya riga ni. Muryarsa irin ta masu wa'azi ce, kowace magana da insha Allahu a gindinta. Na tura abin da ya nema. Ranar da na sauka na ja akwatina har ƙofar gidan, ana wannan yayyafin nasu mara zuciya, wanda ba ya zuba ya huta kuma ba ya ɗaukewa. Na danna ƙararrawa. Wata tsohuwar Baturiya ta leƙo, ta dube ni, ta dubi akwatin, ta girgiza kai ta ce ba ni ne na farko ba. Labulen shuɗi kam ga shi can a tagar sama, ɗakin jikarta ne. Na kira mutumina, waya a kashe. Ya yi layar zana.

Sunana Nasiru. A unguwarmu idan ba ka ce Nasiru Caina ba, ba wanda zai gane wa kake nufi. Na yi shekaru ina tafinta a wata masana'antar takalman roba a Sharaɗa, tsakanin Sinawa masu injin da 'yan'uwana masu aikin. A bakin injin na koyi Sinanci, na ciniki da na faɗa da na zagi, daga baya na ɗora karatu a kai har na iya rubutun. Da na samu tallafin yin digiri na biyu a harshe da adabin Sin, sai aka ce a Landan za a yi. Abokaina suka yi ta yi mini tsiya, wai na tafi koyon Sinanci wurin Turawa, kamar mai neman kilishi a kasuwar kifi. Na bar su da dariyarsu. Na ajiye aiki, na bar matata da yara a gidan Inna, na ce zan dawo da takardar da za ta sa in koyar a jami'a.

To ga mai takardar nan a cikin bas, ba masauki, ba wanda ya sani. Na shiga ne don in fake wa ruwa, ban ma duba inda ta nufa ba. Na zauna a baya ina kallon gari yana wucewa, gidaje iri ɗaya, mutane kowa ya sunkuyar da kai. Har bas ta kai ƙarshen hanya kowa ya sauka ban motsa ba. Direban ya taso ya zo ya ce mini da Turanci an iso. Ni kuwa ban san lokacin da na ce, "Wayyo Allah, na shiga uku," ba.

Ya tsaya cak.

"Kai! Ɗan'uwa, daga ina?"

Shi ne Baba Bitrus, mutumin kudancin Kaduna, dattijo mai furfura a gemu, ya daɗe yana tuƙin bas a garin. Na ba shi labari a tsaye. Bai yi mamaki ba ko kaɗan.

"Waɗannan yaran Allah ya isa kawai," in ji shi. "Zauna nan. Saura trip ɗaya in tashi, sai mu je gida ka sha ruwan zafi."

Ruwan zafin nan shi ya zama zaman shekara guda.

*Tottenham*

Flat ɗinsu a hawa na sama yake, a wani dogon gini na gidajen gwamnati. Matarsa Mama Rifkatu tana aikin kula da tsofaffi. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce wa mijinta, "Wannan yunwa yake ji, ba magana ba." Ta ba ni ɗakin ɗansu da ya tafi karatu wani gari. Washegari na tarar ta ware tukunya ɗaya da cokula ta ce nawa ne, kuma ta canza mahaucin da take sayen nama ta koma wurin wani Baturke Musulmi. Ban roƙe ta ba, ba ta kuma sake tayar da zancen ba.

Kullum da safe nakan hau bas daga nan har Aldwych, don jirgin ƙarƙashin ƙasa ya fi ƙarfin aljihuna, in sauka in taka a ƙasa zuwa Bloomsbury inda jami'ar take. Tafiyar doguwa ce, bas na tsayawa kamar akuyar da ake ja kasuwa. A ciki nake bitar darasi, a ciki nake gyangyaɗi.

Ranar Juma'a ce ranar waya da gida. Ƙanwata Balaraba ke riƙe wa Inna wayar. Ni ne ɗan farin Inna, kuma ita ta mutanen da ce, masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana magana da ƙannena ni ne "yayanku". In da baƙi ne, "wancan". In ni da ita ne, "kai" ya wadatar. Ko a waya ba ta canza ba.

"Kai, kana dai cin abinci?"

"Ina ci, Inna."

"To. Allah ya yi albarka. Ga Balaraba."

Shi ke nan hirar. Amma in Juma'a ta wuce ban ji wannan "kai" ɗin ba, makon ba ya yi mini daɗi.

*Bloomsbury*

Ranar farko na shiga aji da ƙafar dama da kuma girman kai. Ɗaliban yara ne, Turawa da wasu 'ya'yan Sinawa haifaffun Ingila, kusan duk na girme su nesa. Malamar ta shigo, 'yar siririya, gashi a ɗaure tamau, ba ta dariya sai da dalili. Sunanta Tang. Aka ce kowa ya gabatar da kansa. Da aka zo kaina na miƙe na saki Sinanci kamar famfo, na gaishe ta da sunanta, na ce na zo ne don ina ƙaunar waƙoƙin zamanin daular Tang, wadda suke suna ɗaya da ita.

Wata yarinya ta toshe baki. Wani ya sunkuya yana tari na ƙarya. Malamar ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "Bakinka da sauri, kuma ka san kalmomi da yawa. Amma ni ba miya ba ce."

Bari in yi bayani, don nan ne duk wahalata ta taru. Sinanci yana da karin sauti kamar Hausa. Mu ma ai mun san kuka na hawaye daban, kuka ta miya daban, muryar ce ke raba su. Da wannan nake taƙama, ina cewa Bahaushe ba ya shan wahalar da Bature ke sha. Su nasu guda huɗu ne. Na farko murya a sama a miƙe, muna da shi. Na uku a ƙasa, muna da shi. Na huɗu ya faɗo daga sama, wannan ma namu ne. Amma na biyu, wanda murya za ta taso daga ƙasa ta hau sama a cikin gaɓa ɗaya ba tare da ta yanke ba, shi ne babu a bakina. Duk inda ya zo sai in ɗage shi sama in miƙar, in mai da shi na farko. Tang mai hawa shi ne sunanta da sunan daular, shi ne kuma sukari. Tang a miƙe miya ce. Wato na tsaya gaban mutane na ce, "Malama Miya, na zo ne don ina son waƙoƙin miya."

Shekara da shekaru ina wannan kwaɓa a Sharaɗa, ba wanda ya gyara mini. Su injinsu suke so ya yi aiki, in na ce miya suna ganin buhun sukari a gabansu sun gane. Yanzu na fahimci abin da ya sa wani tsohon injiniya yake murmushi duk lokacin da na nemi a sa mini sukari a shayi.

Karatun kansa bai ba ni tsoro ba, ko da yake ya ci ƙarfina. Tsohon Sinanci wani harshe ne daban, kalma huɗu sai ka yi wuni kana kwance su. Amma na so shi. Rabin waƙoƙin nan na ma'aikatan gwamnati ne da aka tura can wani lungu nesa da garinsu, suna kallon wata suna ƙorafi. In za su rabu da aboki sai su karya masa reshen wata bishiya ta bakin kogi su ba shi. Nakan zauna a laburare, ƙarfe huɗu na yamma gari ya riga ya yi duhu, ƙafata kamar ƙanƙara a cikin takalmi, in ce wallahi waɗannan mutanen sun san halin da nake ciki. Rubutuna yana samun maki mai kyau. Baki ne ya ƙi.

Kuma kalmar da ta fi yawa a bakin waɗannan mawaƙan ita ce ta fi tona mini asiri: hui. In ta hau, komawa ce. In ta miƙe, toka. Duk sanda na so in ce zan koma gida, sai in ce toka gida. Malama Tang takan rufe ido kamar an taka mata yatsa.

"Sake."

"Hui."

"Toka. Sake."

Ba irin dabarar da ban gwada ba. Na tsaya gaban madubi ina ɗaga haɓa kamar ƙadangare. Na riƙa ɗaga gira. Na riƙa zana layi a iska da yatsa, har wata mata a bas ta tashi ta canza kujera. Baba Bitrus yakan jiyo ni ta bango ya ƙwala, "Malam Nasiru, aljanun sun dawo ne? In kira fasto ko liman?" Mama Rifkatu ta ce ya ƙyale yaro ya yi karatunsa, sannan ita ma ta shiga kicin tana "hui, hui" tana dariya. Abin haushi, ita tana samunsa daidai, don yarensu yana da shi.

A ƙarshen hunturu aka yi jarrabawar baka. Na faɗi.

Dokar a fili take: wanda ya faɗi jarrabawar baka yana da dama ɗaya tak ya sake a ƙarshen bazara. In ya sake faɗuwa babu digiri, komai kyan rubutunsa. Tallafina da bizata kuma duk da bazarar za su ƙare. Malama Tang ta kira ni ofishinta. Ta ce ta je ta tambayi wani abokin aikinta da ke koyar da Hausa a hawa na ƙasa, don a ginin nan har Hausa ake koya wa Turawa, ya gaya mata cewa Hausa ba ta yarda murya ta hau a cikin gaɓa ɗaya, in ta tashi hawa sai harshen ya miƙar da ita.

"Saboda haka ba taurin kai kake yi ba," in ji ta. "Na ɗauka taurin kai ne. Amma ba zan ba ka makin da ba ka ci ba. Mutumin da zai koyar, in ya ce toka, ɗalibai ɗari za su ce toka."

Na fito ina jin haushinta, ina jin haushin Hausa, ina jin haushin wanda ya fara ba ni shawarar zuwa. Na gaji. Gajiya irin wadda barci ba ya maganinta. Na yi tunanin ranar da zan sauka a unguwa hannu biyu, ba aiki ba takarda, yara suna "ga Nasiru Caina ya dawo". A waya kuwa na ce wa kowa komai lafiya.

*Baranda*

Da bazara ta shigo ɗalibai suka watse, Malama Tang ta ce in riƙa zuwa ofishinta da rana muna bita. Ba aikinta ba ne, ba kuma wanda ya sa ta. Sai ta ajiye kofin ruwan zafinta, ta jera kalmomi, ni kuma in yi ta kashe su ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci in samu ɗaya daidai bisa kuskure, ta ce in maimaita, ya gudu.

Wata Talata muna cikin haka wayata ta yi ƙara. Balaraba ce. Ga shi kuwa ba Juma'a ba ce. Na nemi izini na fita baranda, ban ja ƙofar ta rufu ba.

"Yaya, jikin Inna ne. Zazzaɓi ne tun shekaranjiya, yau kuma tana ta surutai. Ta ce lallai sai an kira ka. Ga ta."

Na ji motsin waya, na ji numfashi. Sai murya ta fito, ƙarama amma tas.

"Nasiru."

Ban yi tunani ba. Bakina ne ya amsa da kansa, kamar an fizgo shi daga cikina.

"Na'am!"

"Nasiru, shigo gida haka nan. Magariba ta yi."

"To, Inna. Ina zuwa."

"Kada ka tsaya wasa a hanya."

Balaraba ta karɓi wayar tana kuka ƙasa-ƙasa. Ba sai ta ce komai ba. Ita ma ta ji abin da na ji.

Na juyo, sai ga Malama Tang a bakin ƙofa da kofi a hannu, idonta a buɗe yadda ban taɓa gani ba.

"Me ka ce yanzu? Kalmar farko. Sake faɗa."

Wallahi na ji kamar in zage ta da Sinancin Sharaɗa. Amma ba ta san komai ba, ita sauti kawai ta ji. Na ce mata kalmar da muke amsa kira da ita ce.

"Shi ne! Shi ne na biyu. Ka taso daga ƙasa ka hau, ba ka yanke ba. Wa ya ce babu shi a bakinku?"

Na tsaya na juya abin a raina, duk da halin da nake ciki. Ashe na'am biyu gare mu. Akwai na'am ta yarda, wadda kake yi in malami yana bayani, tana saukowa ƙasa. Akwai na'am ta amsa kira, ita kuwa hawa take yi. A zaune lafiya gaɓa biyu ce, da ɗan tsaiko a tsakiya. Amma in kiran ya zo maka ba shiri, tsaikon sai ya narke, ta fita a numfashi ɗaya. Ina ɗauke da abin nan tun ina yaro, na tsallaka teku ina nemansa a madubi.

Ta ga fuskata, ta ajiye murnarta. Ta tambayi wa ya kira. Na ce mahaifiyata ce, kuma yau ne karon farko da ta ambaci sunana. Ba ta gane ba, sai da na yi mata bayanin kunyar ɗan fari. Ta ce a wurinsu ɗa ne ba ya furta sunan iyayensa, ba ta taɓa jin inda uwa ke ɓoye na ɗa ba. Sannan ta ce a hankali, "To me ya sa yau ta faɗa?"



Na so in tafi a ranar. Na kira kawuna, ƙanen Inna, wanda shi ne babba a gidan. Ya ce likita ya ce zazzaɓi ne ya hau mata kai, an sa ruwa, ta ma samu barci. "Jarrabawar taka saura kaɗan, ko? To ka zauna ka yi abin da ya kai ka. In ta farfaɗo ta ji ka baro karatu saboda ita, ni za ta ci wa mutunci." Baba Bitrus ya zauna da ni muka duba jirage. Na yi booking na washegarin jarrabawa.

Dabarar kuwa ta yi aiki, kuma ban taɓa sanin dabara mai ciwo irinta ba. Kafin kowace gaɓa mai hawa sai in saurara a cikin kaina, in ji an ce "Nasiru", in bar bakina ya amsa, sai in ɗora kalmar a kan amsar. Tang. Hui. Suka riƙa fitowa daidai, ɗaya bayan ɗaya. Malama Tang ta daina rufe ido. Amma ka duba, don in ce sukari sai Inna ta kira ni. A shafi ɗaya sai ta kira ni sau ba adadi. Nakan fito daga ofishin nan a gajiye kamar wanda ya yi dako.

Zazzaɓin ya sauka, in ji su. Juma'ar da ta biyo ta karɓi waya ta ce, "Kai, kana dai cin abinci?" Na ji daɗi har na yi dariya. Ban sani ba ko ta tuna abin da ta faɗa ranar Talata. Ban tambaya ba, ai ba a tambayar irin wannan.

*Aldwych*

Ina saukowa daga bas ne da safe, ana saura 'yan kwanaki jarrabawa, kawu ya kira. Da na ga sunansa ba na Balaraba ba, na nemi benci na zauna tukuna. Ya yi sallama cikakkiya, ya ce sai haƙuri, bayan asuba ne, ba ta sha wahala ba. Ya ce za a kai ta kafin azahar.

Na zauna a wurin. Bas na zuwa, ƙofa ta buɗe, ta rufe, ta wuce. Mutane da kofunan kofi suna kewaye ƙafata. Ina duba agogo ina cewa yanzu ana wanka, yanzu an fito da ita, yanzu an tsaya sahu. Ko da jirgi a ƙofar gida yake ba zan same ta ba. Wani mai sharar titi ya tsaya ya tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya, ya ci gaba da shararsa.

Baba Bitrus ya ɗauki hutu a wurin aiki. Suka ture kujerun falo jikin bango, suka aro tabarmi. Mama Rifkatu ta bi waya ta kira duk wani Musulmin arewa da ta sani, likitoci, ɗalibai, wani ma'aikacin gwamnati da iyalinsa, mutanen da ban taɓa gani ba. Suka cika falon, aka yi addu'a a ƙarƙashin kalandar cocinsu, ita tana kicin tana tuƙa tuwo tana share hawaye saboda matar da ba ta sani ba. Da aka shafa, Baba Bitrus ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, kada ka yi cancel ɗin komai. Ka shiga ka yi. Ni zan kai ka."

Ban gaya wa kowa a jami'a ba. Ba jarumta ba ce. Ba ni da ƙarfin cika takardu ne, kuma ban san me zan yi da tausayin Turanci ba.

*Ɗakin jarrabawa*

Su biyu ne a bayan tebur: Malama Tang da wani dattijo Basine da aka gayyato daga wata jami'a, mai fara'a, bai san ni ba ban san shi ba. Aka ba ni waƙa in karanta da ƙarfi. Na dubi shafin na ga masu hawa sun yi layi suna jirana. Na ji tsoron in saurara in ji shiru. Na saurara. Muryar tana nan yadda take, ƙarama, tas. Na amsa, na amsa, na yi ta amsawa har ƙarshen shafi.

Aka yi tambayoyi a kan ma'ana, na ba da abin da na sani. Sai dattijon ya ajiye takarda ya jingina, ya ce saura hira kawai, don a ji bakina a sake. Ya tambayi me zan yi in na gama. Na ce zan koma gida. Komawa ta fito, ba toka ba. Ya gyaɗa kai. Ya tambayi su wa ke jirana. Na ce matata da yara. Ya yi murmushi irin na kakanni, ya ce, "Mahaifiyarka fa? Lallai tana alfahari da kai."

Sinawa suna da wata gajeriyar hanya ta faɗin abin, wadda na sha ji a Sharaɗa in waya ta zo wa wani daga gida. Mama mei le. Mama babu. Mama a sama take a miƙe, sautin da ban taɓa kuskurewa ba tun ranar farko. Mei kuwa mai hawa ce.

Na saurara, aka kira, na amsa.

"Mama mei le."

Ban taɓa fitar da na biyu mai kyan wannan ba, kafin nan ko bayan nan. Ya taso daga ƙasa ya hau sumul. Dattijon har ya kai alƙalami zai yi alama, hannunsa ya tsaya a hanya. Malama Tang ta ajiye nata alƙalamin a kan tebur. Ta tambayi yaushe. Na faɗa. Dattijon ya miƙe tsaye ya ɗan sunkuyar da kai, ya ce an gama.

Na fito baranda, wurin da na tsaya ranar Talatar nan. Na dafa bango. Can ƙasa Baba Bitrus na jira a bakin titi. Na ji ƙofa ta buɗe a bayana.

"Nasiru."

"Na'am."

Ya hau, daidai yadda take so. Wata da watanni matar nan tana farautar sautin nan a bakina, ga shi ya fito a gabanta ba kuskure, ba ta ce komai a kansa ba. Ta zo ta tsaya kusa da ni, ba ta taɓa ni ba, muka yi ta kallon bango tare.

"Bai kamata in gaya maka yau ba," in ji ta daga baya. "Ka ci. Hui jia ba." Wato ka koma gida.

Na ce to. Na sauka a hankali ina riƙe da ƙarfen bene. Washegari na hau jirgin da na yi booking, ban tsaya ko'ina a hanya ba. Magariba ta yi kafin in iso.